Inda Yaya Yake Alwala

Ɗakin oba-oba yana bayan ofishin gona, a gefen Illela ta wajen hanyar Kalmalo. Ɗaki ne guda na bulo, da taga ɗaya, da tebur da benci. A kan teburin akwai akwatin rediyo mai ruwan toka, irin wanda ake magana a cikinsa a kuma ji amsa. Wana ya yi shekara shida yana aiki a ɗakin nan, a cikin shekarun tamanin. Ni akawu ne a ofishin, takardun taki da na iri nake rubutawa. Idan aiki ya yi sauƙi nakan zagaya in zauna a bencinsa ina kallonsa. Ban taɓa zama da niyyar koyo ba. Yaya nake ce masa, kuma haka zan kira shi a nan.

Aikin ɗakin yakan tashi ne idan jan-baki suka zo. Wanda bai taɓa ganinsu ba zai yi mamakin a ce tsuntsun da bai cika tafin hannu ba ya tayar wa gari hankali. Sukan zo kamar hayaƙi, su sauka a kan alkamar da ta fara ido, kafin mai gona ya juya majajjawa sau uku sun tashi sun bar masa kara. Da yamma sai su tattaru su kwana a dogayen ciyayin bakin tabkin Kalmalo. A lokacin nan kaɗai ake samunsu wuri ɗaya, daga rana ta yi ja zuwa duhu ya rufe. Sai ƙaramin jirgi ya bi ta kansu ƙasa-ƙasa ya yi feshi.

Damuwar ita ce jirgin ba ɗaya ba ne. Tabkin yana dab da iyaka, tsuntsayen kuma duk gefen da suka ga dama suke ci. Mutanen Nijar suna da nasu jirgin da yake tasowa daga wajen Ƙonni, lokaci ɗaya da namu, zuwa ciyayi ɗaya. Matuƙan biyu ba sa jin juna. Rediyoyinsu ba su dace ba, harshensu ma haka, na Nijar Faransanci yake yi. To tun kafin zuwan Yaya aka yi wata dabara. Akwai mai oba-oba a Ƙonni, shi yake magana da matuƙinsu, sannan ya faɗa wa Yaya da Hausa cewa nasu yana arewa da tabki, zai juyo ta gabas. Yaya ya murɗa maɓalli ya faɗa wa namu. Abin da namu ya ce kuma a mayar ta hanyar da aka zo. Da haka jiragen biyu suke sanin inda junansu suke, rana tana dukan idonsu.

Bayan ɗakin, a ƙarƙashin taga, akwai wani faffaɗan dutse. A kansa Yaya yake zama ya yi alwala, azahar da la'asar da magariba, wani lokaci har ta walaha. Masallacin ofis yana da randa da wurin zama na siminti, bai fi taku talatin ba daga ɗakin, amma ba ya alwala a can. Idan ya gama sai ya juye sauran ruwan butar a gindin bango. Wurin kullum a jiƙe yake, baƙi ƙirin, har wata 'yar ciyawa ta tsiro. Masinjan ofis yana yi masa tsiya wai ya buɗe noman rani a bayan ɗaki. Shi dai sai ya yi dariya. Ni na ɗauka hali ne kawai, don Yaya mutum ne da ba ya son jiran buta.

Ya rasu a farkon zafi, bayan zazzaɓi na kwana huɗu. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu, da gonar alkama a Kalmalo wadda ya shuka da hannunsa, ita ake sa ran za ta kai su damina. Ba zan tsawaita a kan kwanakin nan ba. Aka yi addu'ar bakwai, na koma aiki.

Shugaban ofis ya kira ni ya miƙo mini mabuɗin ɗakin. Ya ce kafin a turo wani daga Sakkwato, ni ne na fi kowa zama kusa da akwatin. Na karɓa. Ranar da na buɗe ɗakin na ga hularsa a kan ƙusa, na ɗauke ta na kai gida. Da na zagaya baya na ga dutsen, da butarsa a gefe, da sawun dugadugansa biyu a cikin laka, sai na kasa tsayawa. Washegari na sa aka kawo yashi baro biyu aka zuba a wurin, aka baje, na ɗora wani tsohon kwanon rufi na danne da bulo. Alwalata kuma a masallaci nake yi tare da mutane. Akwai wata waya da ta fito ta tagar ta gangara cikin ƙasa a daidai wurin. Na gan ta. Na ɗauka ta tsawa ce, irin wadda ake sa wa dogayen gine-gine, damina kuwa da sauran nisa.

Mako uku bayan haka jan-baki suka sauka.

Matuƙin namu mutumin wajen Jos ne, dogo, mai furfura a gemu, kowa Kyaftin yake ce masa. Ya sauka ranar Talata da hantsi a filin jar ƙasa da ake share masa, ya tako zuwa ofis, ya yi mini gaisuwar rashi a tsaye, hularsa a hannu. Sannan ya ce mu gwada. Ya koma ya tashi, ni kuma na zauna a kujerar Yaya na danna abin magana. Yana kan gari ina jinsa, shi ma yana jina. Da ya nufi tabki sai muryarsa ta nutse cikin wata ƙara kamar ana suya a kasko. Na kira, na sake kira. Na murɗa zuwa Ƙonni na yi sallama sau biyar, ba a amsa ba.

Kyaftin ya dawo ya same ni a ɗakin.

"Malam akawu, daga bakin gari ban sake jin ka ba."

"Ina ta magana, Kyaftin."

"Na yarda. Amma da bango kake yi." Ya zauna a benci ya miƙe ƙafafu. "Shekarar da yayanka ya kama aiki, kafin ya gyara abin nan yadda yake so, jirgin mutanen can ya gilma ta gabana. Na ga hular matuƙin. Shuɗiya ce. Ni ban nemi sanin launin hularsa ba."

Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ina nan yau da gobe da jibi. In ban ji ka daga kan tabki ba jibi da la'asar, kuma kai ba ka ji mutumin Ƙonni ba, ba zan tashi ba. Juma'a ana jirana a wani wuri, can ma tsuntsaye ne."

"Gonar Yaya tana cikin na bakin ruwa."

"Na sani. Kowace shekara sai ya ce in leƙa masa ita daga sama. Shi ya sa na ce kwana uku."

Shugaban ofis ya aika Sakkwato neman mai gyara, aka ce sai wani mako. Saboda haka na rufe takardun taki na zauna da akwatin.

Mutane sun saba kawo wa Yaya rediyoyinsu na gida idan sun ƙi, kuma abu ɗaya yake gaya wa kowa. Ka fara da wuta. In wuta ta yi daidai, ka nemi abin da yake kawo ƙara. In ka kore shi, ka hau sama ka duba eriya. Na ji wannan ya fi a ƙirga, sai na bi shi kamar yadda ake bin karatu.

Batir biyu ne na babbar mota a ƙarƙashin tebur. Na kira tsohon direban ofis, wanda muke kira Baba, ya san mu tun muna 'yan makaranta. Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa.

"Wanga batir ya yi hwarin gemu ya fi ni," in ji shi. "Kawo ruwan zafi da kanwa."

Muka wanke kawunan batiran, muka kankare farin da ya taru da wuƙa har dalma ta fito tana ƙyalli, muka ɗaure da sifana. Ruwan cikinsu ya ja baya. A bayan ƙofa na sami kwalabe uku na ruwan sama da Yaya ya tara tun damina, ya manna takarda ya rubuta da hannunsa, na batir ne, ba na sha ba. Na ɗan jima riƙe da kwalbar kafin in buɗe. Muka ƙara ruwan, muka tada janareta ya yi ta yi har la'asar.

Yaya yana da wani ƙwan fitilar mota mai wayoyi biyu. Idan ya jona shi a batir ya danna abin magana, in ƙwan ya yi ja-ja to wuta ba ta isa ba. Kafin mu wanke batiran ya yi ja. Da la'asar ya tsaya fari tas. A fuskar akwatin kuma akwai allura da take tashi idan ana magana, Yaya ya ɗiga jan biro a inda ya kamata ta kai. Da farko da ƙyar take motsi. Yanzu ta kai rabin hanya ta tsaya. Na yi sallama ga Ƙonni, ƙarar suya kawai ta amsa.

Ranar Laraba na nemi abin da yake kawo ƙarar. Na ɗauki ƙaramar rediyon hannu, na murɗa ta inda babu tasha, na ɗora a kafaɗa ina yawo kamar yadda na ga Yaya yana yi. Na kashe doguwar fitilar ofis, ƙarar ta ɗan ragu. Na fita ta ƙofar gaba na bi hanyar tasha. Mutane suna kallona, wasu suna gaishe ni a hankali, ina tsammanin sun ɗauka rashin ne ya taɓa ni. Ƙarar tana zuwa tana ɗaukewa, kuma tana ƙaruwa ina tafiya, har ta kai ni rumfar mai walda da take bayan katangarmu, inda yake da nasa injin wuta.

"Sannu da aiki, maigida."

Ya ɗaga baƙin gilashin da yake kare ido. "Sannu, akawu. Ya haƙuri? Mi ya karye?"

"Ba abin da ya karye. Injinka ne yake shiga cikin oba-oba."

"Injina? Ga shi nan ɗaure da sarƙa. Yaushe ya tahi ofis ban sani ba?"

Masu zama a bencinsa suka yi dariya. Na ce ya taɓa ƙarfen ya gani. Ya taɓa, wuta ta yi tartsatsi, rediyon da take kafaɗata ta yi kururuwa. Ya ɗauke, ta yi shiru. Ya sake, ta sake. Sau huɗu ya yi yana kallonta.

"La'ilaha illallahu," ya ce. "Ashe shi ya sa. Duk shekara in tsuntsaye sun zo sai marigayi ya kawo mini goro da azahar, ya ce in rufe da la'asar in tahi gida in huta, wai na rame. Ni ina cewa tausayina shi ka ji." Ya goge fuska da bayan hannu. Sannan ya dube ni sama da ƙasa. "To kai ina goronka?"

"Zan kawo."

"Bar shi. Na marigayi bai ƙare mini a baki ba. La'asar na yi zan kashe."

Saura eriya. Doguwar waya ce ta tagulla, ta taso daga kan rufin ɗakin ta ratsa fili zuwa wani dogon yaro, an ɗaure kowane ƙarshenta da wuyan kwalba don kada ta taɓa itace ko kwano. Na aro tsani. Baba ya riƙe mini.

"Akawu, in ka hwaɗo ba ni ɗaukar ka, bayana ya ƙare. Sai dai in yi maka addu'a."

Wani reshe ya yi toho ya kwanta a kan wayar, na sare shi. Inda wayar ta haɗu da wadda take sauka cikin ɗaki ya yi kore, na warware na kankare na sake murɗewa da filaya. Na sauko hannuna duk ƙaiƙayi.

La'asar ta yi, mai walda ya kashe injinsa kamar yadda ya ce. Na kunna akwatin. Suyar ta tafi, sai ɗan huci kawai. A cikin hucin na ji muryar mutumin Ƙonni sarai, kamar yana bayan ƙofa.

"Illela, Illela, kuna ji?"

Na danna na amsa. Allura ta tashi ta wuce rabi kaɗan, ta tsaya nesa da jan biro.

"Illela, Illela."

Na sake amsawa, na ɗaga murya. Sai na ji ya ce da wani a kusa da shi, bai saki abin maganarsa ba, "Tun da mutumen nan ya rasu ɗakinsu ya mutu." Daga nan ya kashe.

Na fito na tsaya a ƙofa. Daga nan ana hango jan-baki suna komawa tabki, baƙi-baƙi, suna naɗewa suna warwarewa. 'Yan uwanmu suna gonar Yaya tun asuba da gwangwanaye da majajjawa, an ce muryoyinsu sun dishe, kuma tsuntsayen sun daina jin tsoro. Na gyara wuta, na kori ƙara, na duba eriya. Ban san wani abu bayan su ba.

Kullum kafin magariba nakan biya gidan Yaya in gaida iyalinsa. Matarsa tana takaba, daga bayan asabari take amsa mini, ni ina zaune a kan tabarma a bakin ƙofa. A da akwai wasa sosai tsakaninmu, irin na mace da ƙanin miji, ba ta kirana sai akawu mai biro a kunne. Tun rasuwar gaisuwa kawai muke yi.

Ranar nan bayan gaisuwa ta ce, "An ce akwatin ya ƙi ka."

"Ya ƙi ni, matar Yaya."

"Ka ba shi gishirinsa?"

"Wane gishiri?"

"Kowace bazara sai Malam ya shigo madafa ya ɗebe mini gishiri kwano guda, da gawayi. In na yi magana ya ce na akwati ne. Na ce masa, akwatin nan miya shi ka sha? Ya ce a'a, ƙasa ce ke sha. Wai maganarsa da ƙafa biyu take tahiya, guda bisa, guda cikin ƙasa. In ta ƙasan ta bushe sai maganar ta yi ɗingishi, ba ta kai ko bakin gari." Na ji ta gyara zama. "Shi ya sa ba ya alwala a masallaci. Ba ka sani ba?"

"Ban sani ba."

"Shekara shida kana zaune bencinsa."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Na gaya mata abin da na yi, yashin da kwanon da bulon. Na gaya mata dalili a taƙaice. Ta yi wata 'yar gajeriyar dariya, ta farko da na ji a gidan tun ranar.

"Akawu mai biro a kunne," ta ce. "Ka binne masa gona."

Can na ji motsinta a ciki. Ta turo kwano ta ƙarƙashin asabari, cike da gishiri, an rufe da faifai.

Alhamis da sassafe ni da Baba muka ɗage kwanon rufin, muka kwashe yashin da shebur. Yashin ya shanye damshin, zafi ya ƙarasa sauran. Ƙasar ta bushe ta yi tauri kamar tubali, ta tsattsage. Ciyawar ta zama toka. Sawun dugadugan biyu suna nan yadda na bar su, sun ƙame, har layin kaushin ƙafarsa ta dama ana gani. Wayar ta shiga ƙasa ne a tsakaninsu.

Baba yana riƙe da diga. Ya dubi sawun, ya dube ni, ya jingina digar da bango ya ce zai je ya duba mota.

Ban san tsawon lokacin da na tsaya ba. Rana dai ta kai kan taga. Babu hanyar da za a kai ga gindin wayar a bar su. Na ɗauki digar na yi bismillah na sara.

Kamu biyu a ƙasa na sami kan wani rodi mai kauri da aka kafa, wayar tana ɗaure da shi da noti. Kewaye da shi gawayi ne, busasshe ƙamas, da farin gishirin shekarun baya. Notin ya yi tsatsa. Na kwance shi da ƙyar, na goge rodin da wayar har suka yi haske, na mayar na ɗaure tam. Na faɗaɗa ramin, na zuba sabon gawayi, na juye gishirin matar Yaya. Mai ga-ruwa ya kawo garwa huɗu. Ruwan ya tsaya a ramin ya ƙi shiga, kamar an zuba a tasa. Sai a hankali ya fara ja.

Na shiga na danna. Allura tana inda take jiya.

Na sa aka ƙaro garwa biyu. Na sami wani siririn ƙarfe ina caccaka ƙasar kewaye da rodin don ruwan ya sami hanya. Da hantsi allura ta ɗan gota. Na yi tsammanin idona ne, na sa farce a kan gilashin na riƙe wurin, bayan sa'a guda ta wuce farcen. Kyaftin ya leƙo sau ɗaya, ya ga ramin da lakar da take jikin wandona, bai tambaye ni ba, ya koma wajen jirginsa.

Aka kira azahar. Butar Yaya tana cikin ɗakin tun ranar da na ɓoye ta a bayan batir. Na cika ta, na zauna a kan dutsen na yi alwala, na juye sauran a ramin. Masinja ya wuce zai tafi masallaci, ya tsaya kamar zai yi magana, ya fasa.

Da la'asar injin mai walda ya yi shiru. Na danna, allura ta tashi ta taɓa gefen jan biro. Na murɗa zuwa Ƙonni na yi sallama.

Aka amsa nan take. Sannan aka ce, "Wa ke magana?"

"Ƙaninsa ne."



"Allah shi jiƙan shi, shi yi mashi rahama. Muryarku guda. Wallahi sai da na miƙe tsaye." Ya yi gyaran murya. "To, ƙanin Malam, namu zai tashi shida saura kwata. Ta arewa zai shigo. Naku hwa?"

Na ce zan tambaya.

Kyaftin ya tashi ya je har kan tabki ya kira ni. Na ji shi, ya ji ni. Ya ce in ƙirga daga ɗaya zuwa goma, na ƙirga, ya mayar mini. Ya dawo aka ɗura wa jirgin maganin feshi.

Aikin kansa bai kai rabin sa'a ba. Na zauna hannu ɗaya a kan maɓalli, ɗaya a kan abin magana, ina karɓa ina miƙawa. Nasu yana arewa. Namu yana yamma, zai yi kudu. Nasu ya gama layi na farko. Sau ɗaya mutumin Ƙonni ya yi magana da sauri, ya ce tsuntsayen sun tashi sun yi kudu, nasu ya biyo su, ya bar inda ya ce zai tsaya. Na murɗa na gaya wa Kyaftin ya dakata a yamma. Ya ce ya ji. Bayan ɗan lokaci ya ce, "Na gan shi yanzu, yana ƙasa da ni ta hagu. Ba don ka faɗa ba, can zan juya." Ya jira wancan ya wuce, sannan ya sauka ya yi nasa. Ana kiran magariba na ji ƙarar jirgin a kan gari.

Kyaftin ya zo ɗakin bayan an idar da salla. Ya tsaya a ƙofa.

"Malam akawu, yau ban ga hular kowa ba."

Na ce alhamdu lillahi. Ya miƙo mini hannu, muka yi sallama. Da safe ya tashi zuwa inda ake jiransa.

Gefen gonar Yaya da yake kallon ruwa ya riga ya tafi, kwana ukun nan sun cinye shi. Sauran aka girbe. Ya kai iyalinsa damina, da ɗan taimako daga nan da can.

Sai bayan wata biyu aka turo sabon mai oba-oba daga Sakkwato, mai takardar shaida. Na nuna masa batir da kwalaben ruwan sama, na kai shi ya gaisa da mai walda, na nuna masa reshen da yake son komawa kan waya. Sannan na zagaya da shi baya na gaya masa komai dalla-dalla, rodin da gawayin da gishirin, da abin da yake faruwa idan wurin ya bushe. Ya ce ya san wannan a littafi. Na ce duk da haka ya rubuta. Ya rubuta.

Shi a masallaci yake alwala, yana zuba wa rodin ruwa idan ya tuna. Ni na ci gaba da yin tawa a kan dutsen har aka yi mini canjin wurin aiki. Ciyawar ta sake fitowa. Sawun da ya zauna a lakar daga baya nawa ne, bai kai na Yaya faɗi ba.